Reno ne ko riƙo? In za a bar jariri wajen maƙwabciya daga safe zuwa la'asar

Maman Ihsan (Aboabo, Kumasi)

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda Hausa ta zauna a bakinsu ku warware mini wata magana, tun shekaranjiya muke jan ta a gida ba mu daidaita ba.

Hutun haihuwata ya kusa ƙarewa, sati 12 ɗin nan da doka ta ba ma'aikaciya, ni kuma koyarwa nake a wata sukul can wajen Tafo, babu yadda zan yi in shiga aji da jariri. A gidan da muke haya akwai wata dattijuwa, duk gidan Mma muke ce mata, ita ce ma ta tsaya mini a wankan jego tunda mahaifiyata ta rasu, toh ita da bakinta ta ce in dinga bar mata shi da safe in na taso wajen la'asar in karɓa. Na ji daɗi sosai wallahi. Sai yayar maigidana da take aure a Kano ta kira gaishe mu, ina ba ta labari na ce Mma ce za ta riƙe shi. Ta yi shiru, can ta ce riƙo kuma? Ɗan wata uku za ku bayar riƙo, kuma ga bare, uwarsa da ranta ubansa da ransa dangi ga su nan? Da na yi mata bayani sai ta ce ai wannan reno ne ba riƙo ba, mu daina faɗin haka kar maganar ta je kunnen su Baba a karkace.

Toh ni abin da na tashi na ji a zongo shi ne "riƙe mini shi in je kasuwar Kejetia in dawo" ko "duba mini shi in shiga wanka", ba wanda yake jin wani abu. Reno kuwa a sanina abu ne na shekaru, kamar mutum ya ce kakata ce ta rene ni. Ta yaya kalma ɗaya za ta ɗauki awa takwas kuma ta ɗauki shekara ashirin? Ko akwai wata kalmar daban ta barin yaro na ɗan lokaci da mu nan muka yar?

Tunda na riga na buɗe baki bari in ƙara. Ana biyan irin wannan ne, ko cin fuska ne in ɗauki kuɗi in miƙa wa Mma? Na ukun shi ya fi damuna. Yayar tamu ta ce maimakon mu ɗora wa tsohuwa wahala, akwai wata yarinya 'yar dangi can wajen Salaga, ba ta wuce shekara 10 ba, a kawo mana ita ta zama 'yar reno har yaron ya yi ƙafa sai a mayar da ita. Maigidana ya ce shi bai ga laifi ba. Ni raina bai kwanta ba.

Malam Awudu (Asawase)

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya raya, Allah ya jiƙan mahaifiya.

A kan kalma dai yayarku ta yi gaskiya. Reno, wasu su rubuta raino, duk ɗaya ne, ba ya ƙirga lokaci, aikin yake faɗa: ɗauka da goyo da wanka da rarrashi da ba da abinci da tare yaro kar ya rarrafa wajen murhu. Duk wanda ya yi wannan ya yi reno, na wuni guda ne ko na shekara goma sha. Yarinyar da ta goya ƙaninta uwa ta je kasuwa ta dawo reno ta yi, kakar da jika ya tashi a hannunta har ya yi gemu ita ma ta rene shi. Mai juna biyu ma cewa ake tana renon ciki, kin ga wannan wata tara ne. A rediyo kuma ai kina jin ana cewa Ghana da Najeriya ƙasashe renon Ingila, Togo da Burkina Faso renon Faransa, duk kalmar ce aka ja ta ta yi tsawo. In kina son a gane naki gajere ne, bakin lokacin za ki faɗa, ki ce Mma tana yi mini renonsa da rana, ko renon wuni, shi ke nan magana ta fita.

Riƙo kuwa shimfiɗar yaro ce take tashi daga ɗakinku ta koma wani ɗaki. Can yake kwana, can yake ci, sutura da makaranta da tsawatarwa duk suna hannun mai riƙo, in mace ce sau da yawa har kayan ɗaki uwar riƙo ce take yi. Daga nan aka samu ɗan riƙo, 'yar riƙo, mariƙi. Amma fa kar a ce mu 'yan zongo kuskure muke in mun ce "riƙe mini shi in ɗaura zani", wannan Bakano ma yana faɗa, domin kin faɗi abin da za ki yi ki dawo. Inda aka samu matsala ke kin ce "Mma ce za ta riƙe shi" kin tsaya, ba ki sa iyaka ba, kunnen Bahaushe kuma in ya ji haka kyauta yake ji.

Ni in ina koya wa yara a makaranta da tarihin Manzon Allah (SAW) nake raba musu, don duka ukun suna ciki. Halimatu Sa'adiyya ta shayar da shi, wannan shayarwa ce da reno a haɗe, 'yarta Shaima'u kuma tana taya ta ɗaukarsa. Ummu Aimana ta rene shi. Da mahaifiyarsa Amina ta rasu yana da shekara 6 kakansa Abdulmuɗɗalibi ya ɗauke shi, da shi ma ya rasu Annabi yana da shekara 8 sai baffansa Abu Ɗalibi, wannan shi ne riƙo. A fiƙihu kuma abin da ake kira hadana malamanmu da reno suke fassara shi, in kin zauna karatun Risala za ki ji: bayan rabuwar aure uwa ce mai haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, in uwar ta rasu ko ta yi wani aure sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar uwar uwa. Addu'ar nan da muke yi wa iyaye ta cikin Suratul Isra'i aya ta 24 ma haka ake fassara ta a tafsiri, ka jiƙan su kamar yadda suka yi renona ina ƙarami. Don haka kalmar ba ƙarama ba ce, wanda ya yi miki ita na wuni ɗaya ma ya taɓa aikin da ake yi wa iyaye addu'a a kansa.

Abu ɗaya a kiyaye a baki: "ta rene ni" daban, "ta rena ni" daban. Na biyun reni ne. Yaranmu na nan suna haɗa su, na sha jin yaro yana son ya yabi goggonsa sai ya ce ita ta rena shi.

Maganar kuɗi da ta yarinya na bar wa mata, sun fi ni sanin tsakar gida.

Hajiya Maimuna (Nima, Accra)

Malam ya gama da nahawu, Allah ya ƙara ilimi, ni bari in faɗi yadda muke yi a ƙasa.

'Yata, mu nan Ankara, wato Accra, gaskiya kalmar reno sai a bakin tsofaffi da waɗanda suka yi zaman Najeriya ko Nijar, yaran yanzu "duba mini" suka sani, kuma ku na Kumasi ai kun fi mu, don Tonawa, wato Asante, da kuke zaune da su cewa suke hwɛ no ma me, wato duba mini shi, harshe kuma yana bin maƙwabci. Muna da "sa mini ido a kansa", muna da "ga ajiyata nan", muna da "ji mini da shi". Amma ba duka ɗaya ba ne fa in kin lura. In yaro yana barci na ce ki sa mini ido, kunne kawai nake roƙo, in ya farka ki ɗauka. In yana wasa a tsakar gida cikin 'yan uwansa na ce duba mini shi, kar ya fita bakin gota nake nufi, ke kina wankinki. Wannan kowa yana yi wa kowa, ɗa na kowa ne, ba a biya ba a ma yin godiya mai tsawo. Ranar Laraba da kasuwar Nima take ci ki shigo gidajenmu ki gani, mace ɗaya ce za ki tarar da yara shida a gindinta duk iyayen suna kasuwa, gobe ita ma ta bar nata.

Naki ba wannan ba ne. Jariri ɗan wata uku, Litinin zuwa Juma'a, safe har la'asar, wannan Mma ba za ta je suna ba, ba za ta je gaisuwar mutuwa ba, ba za ta yi barcin rana ba sai in shi ya yi, bayanta kuma shi zai ɗauki goyon. Wannan shi ne reno na sosai, kuma a nan nake ganin amfanin kalmar, don in kika ci gaba da cewa "tana duba mini shi" ke kanki za ki ɗauka abu ne mai sauƙi. Mu mata muna cin ƙarfin tsofaffinmu da sunan zumunci, ina faɗa ne ina cikin tsofaffin yanzu.

Toh biya. Kar ki je ki ce Mma nawa za ki karɓa, za ta ce subhanallahi ɗana ne, kuma har ranta take faɗa, daga nan kin rufe ƙofar. Maigidanki ne zai shiga wajenta da goro ya durƙusa ya ce Mma ga amana mun kawo, ya yi godiya. Ke kuma duk ƙarshen wata ki ƙulle abin da kuka yanke ku biyun, ki ce Mma ga kuɗin sabulu. Sunansa kuɗin sabulu amma kar ya zama na sabulun ne kawai, ya zama abin da in ta buɗe za ta san an san darajarta, kuma kar wata ya wuce ba ki kai ba, kar ki jira sai ta yi rashin lafiya. In tana da waya ki tura ta MoMo, wato kuɗin waya, ma ya fi, babu kunyar miƙa hannu. Abincin rananta ki ɗauke mata, gawayi ko gas, da Sallah turmin zani. In ta ce yau jikinta babu daɗi kar ki nuna a fuska, ki riga ki tanadi wajen da za ki kai shi irin wannan ranar.

Mu da muke da Mma a gida ma mu gode wa Allah. Ki je kasuwar Agbogbloshie ko nan Makola ki ga 'yan kayayo, wato mata 'yan dako, kaya a ka goyo a baya cikin rana, wasu kuma su haɗa jariransu a gindin wata rumfa su bar wa ƙaramar cikinsu. Ba su ƙi Mma ba, ba su da ita ne.

Maganar yarinyar Salaga ni ban goyi baya ba, amma akwai waɗanda suka fi ni bakin faɗa.

Ramatu (Sabon Zongo, Accra)

Salam. Ban cika rubutu a nan ba, karantawa nake in wuce, amma na ga an ce 'yar reno har yaro ya yi ƙafa, jikina ya yi sanyi, don da wannan maganar aka ɗauko ni daga gidanmu.

Ina aji uku a firamare wata 'yar uwar babana ta haihu a nan Accra, aka ce in zo in taya ta reno, in yaron ya fara tafiya a mayar da ni. Babata ta yarda ne saboda an ce reno, da an ce riƙo da ta tsaya ta yi tambaya, wace sukul za a sa ta, wa zai ɗinka mata, yaushe za ta dinga zuwa gida. Reno ba a yi masa wannan tambayar tunda wai na ɗan lokaci ne. Yaron ya yi ƙafa, kafin nan akwai wani cikin. Aka haifi na biyu, ni ce. Na uku, ni ce. Tsakanin goyo da goyo kuma ga wanke-wanke ga ɗiban ruwa ga tallan koko da asuba, yaran da na goya ina ɗaura musu jakar sukul in raka su bakin get in dawo. Ba dukana ake ba, ba a hana ni abinci ba, kar in ɗauki alhakinta, Allah ya jiƙanta. Amma ba wanda ya taɓa zama ya ce yarinyar nan fa yanzu a hannunmu take, mene ne namu a kanta. A wajen babata ina reno zan dawo, a wajen goggona ni baƙuwa ce da za a mayar, a haka na girma a tsakiya ba na kowa ba. Karatun da nake rubuta muku wannan da shi sai da na shiga koyon ɗinki na same shi, wata abokiyar aikina ce take zaunar da ni bayan mun tashi.

Anti Maman Ihsan, ke malamar sukul ce. Ki tsaya gaban allo kina koya wa 'yan shekara 10 lissafi, a lokacin wata 'yar shekara 10 tana ɗakinki tana jijjiga ɗanki don ke ki samu zuwa, ki tambayi ranki ko zai ɗauka. Na san ya riga ya ba ki amsa tunda kin ce bai kwanta ba.

Kuma ko ta wajen jaririn aka duba, yarinya ce fa. Ni na san abin da na yi ina goyo, na bi 'yan wasa da jariri a baya, na yi barci ya zame, na ba shi abin da nake ci tun bai isa ba don ya yi shiru kar a yi mini faɗa. Ba mugunta ba ce, hankalin ke nan.

Doka ma tana nan. Dokar yara ta 1998, Act 560, ta ce aiki mai sauƙi sai shekara 13, ɗaukar aiki sosai sai 15, mai haɗari sai 18, kuma mai sauƙin ma sharaɗinsa kar ya taɓa zuwan yaro sukul. Mutane za su ce ai wannan ba aiki ba ne, taimakon dangi ne. Duk abin da ya hana yarinya shiga aji daga Litinin zuwa Juma'a a kira shi da kowane suna.

In dangi suna son taimakon yarinyar ne da gaske, su kira abin da sunansa, su ce riƙo, a sa ta sukul tun satin da ta zo, a yi mata abin da ake yi wa Ihsan, in ta dawo da yamma ta ɗauki ƙaninta ta yi masa wasa kamar kowace yaya. Jaririn kuma da rana ya zauna wajen Mma.

Alhaji Tanko (Tafo Zongo)

Ramatu Allah ya saka miki, abin da kika faɗa ya taɓa ni, kuma gaskiya ne ana yi.

Sai dai ina roƙon kar yaran da suke karantawa su ɗauka duk ɗaukar ɗan wani zalunci ne. Ni ɗan riƙo ne. Yaye aka kai ni wajen kakata, kun san yadda ake yi, a kai yaro kwana kaɗan ya manta nono, toh ni ɗan fari ne, uwata kuma a zamaninsu kunyar ɗan fari ake, ko sunana ba ta faɗa, sai kakar ta ce a bar mata. Da ta tsufa kawuna ya ɗauko ni zuwa Kumasi, ya sa ni makaranta, ya kai ni Suame Magazine wajen wani maigida na koyi gyaran mota, shi ya yi mini aure. Zongon nan da riƙo aka gina shi, mutum ya zo daga Sakkwato ko Bawku ko Yendi ya samu wajen zama sai ya aika a kawo masa ɗan ƙaninsa. Da babu wannan da yawancinmu ba mu zo nan ba.

Abin da ya raba nawa da na Ramatu, ni kawuna ya tsaya gaban manya ya ce na ɗauka, kowa ya ji, in na lalace an san wanda za a tambaya. Ita ba wanda ya ce na ɗauka. Kuma in za mu faɗi gaskiya mu maza, namiji in an ɗauko shi sana'a ake kai shi, mace in an ɗauko ta zanin goyo ake miƙa mata, wannan kuwa mu muka bari ake yi don ba mu shiga maganar, muna cewa ta mata ce.

Inda ban bi wasu 'yan boko ba shi ne masu cewa yaro kar ya ɗauki ƙaninsa kwata-kwata. A'a. Yarinya ta dawo sukul ta goya ƙaninta uwa ta tuƙa tuwo, yaro namiji ma ya ɗauka, a nan ake koyon tausayi, a nan shaƙuwa take shiga. Wannan renon ba ya kashe kowa.

Ki gaya wa maigidanki in ji ni, in bai shirya biyan kuɗin yunifom da littafi da asibiti na yarinyar nan har ta gama ba, ya bar ta wajen uwarta.

Maman Ihsan (Aboabo, Kumasi)

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Ramatu na karanta wa maigidana naki da na Alhaji da daddare, bai ce komai ba amma da safe ya kira Yaya sun daɗe suna magana.

Wata kuma ta taso. Matar ɗan Mma tana gidan, tana da goyo 'yar wata biyar, sai Mma ta ce kar in damu in ya yi kuka nonon da na bari ya ƙare surukarta za ta ba shi. Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Wannan ma cikin reno yake ko ya zama wani abu?

Malam Awudu (Asawase)

Ya zama wani abu Malama, kuma babba. Reno komai tsawonsa ba ya haramta aure, riƙo ma haka, ɗan riƙo sunan ubansa yake ɗauka kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta ce. Shayarwa kuwa tana ƙulla 'yan uwantaka. A mazhabar Malikiyya duk nonon da ya isa cikin jariri a cikin shekara 2 na farko yana haramtawa ko tsotso ɗaya ne, Shafi'awa suka ce sai sau 5. In ta ba shi ta zama uwarsa ta shayarwa, mijinta ubansa, 'ya'yansu duka 'yan uwansa, waɗanda aka haifa da waɗanda za a haifa. Ba haramun ba ne a yi, amma ba abin da za a yi a tsakar gida don yaro ya yi shiru ba ne iyaye maza ba su sani ba. A gidan haya mutane suna tashi, shekara 25 nan gaba wa zai tuna? In za a yi, mijinki da mijinta su sani, a sanar da dangi, a rubuta a ajiye. In ba a shirya haka ba ki gaya wa Mma da ladabi tun yanzu.

Anti Fati (Madina Zongo)

Ni nas ce, a wajen awon yara nake, bari in ɗora a kan ta Malam ta ɓangarenmu. Akwai cutar da take bin nono, ƙanjamau na ciki, kuma mutum yana iya ɗauke da ita lafiyarsa ƙalau bai sani ba, don haka ko an yarda ta fuskar addini sai an yi gwaji, ba zargin kowa ba ne, ke ma da za ki shayar da 'yarta haka zan ce.

Abin da ya jefa ki cikin wannan lissafin tun farko shi ne mu a asibiti muna ce muku nono zalla har wata 6, ko ruwa kar a ba shi, dokar ma'aikata ta 2003 kuma sati 12 ta ba ku, sai an haifi tagwaye ko haihuwar ta zo da matsala a ƙara sati 2. Wata ukun da ya rage a tsakiya mai reno ce take cike shi, shi ya sa duk abin da muka koya miki a awo sai kin koya mata, in ba haka ba aikin banza ne. Tsofaffinmu in jariri ya yi kuka da zafin rana tausayi yake sa su ba shi ruwa ko kokon da aka tsinka, wasu har da jiƙo, kuma in kika faɗa da gatsali za ta ce ta reni goma kafin a haife ki. Ranar awo mai zuwa ki tafi da Mma, ta ji daga bakin nas da kanta, sun fi karɓa a haka. Ki fara tatsa tun yanzu kafin ki koma don jikinki ya saba shi ma ya saba sha a kofi ko cokali, a nuna muku ku biyun yadda ake ajiyewa da yadda ake ɗumamawa a cikin ruwan ɗumi, ba a kan wuta ba. Dokar nan ta kuma ba mai shayarwa awa ɗaya cikin lokacin aiki don shayar da ɗanta, kuma ana biyanta wannan awar. Tafo da Aboabo ba za ki je ki dawo a awa ɗaya ba, toh ki zauna da hedimasta ku daidaita ko a haɗa miki ita a ƙarshe ki dinga tashi da wuri.

Masu tunanin kireshi, gidan reno ke nan in za a faɗa da Hausa, akwai masu kyau akwai kuma ɗaki ɗaya da aka shimfiɗa katifa aka tara jarirai ga mace ɗaya. Doka ta ce sai da izinin ofishin Social Welfare na asambili, wato ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ake buɗewa, ki ce a nuna miki takardar, ki ƙirga yara ki ƙirga manya, ki koma wata rana da tsakar rana ba tare da kin sanar ba. KG ta gwamnati, wato ajin share fagen firamare, sai shekara 4, kafin nan kowa dabararsa yake yi. Ga ɗan wata uku ni dai hannu ɗaya da ya sani, a gidan da ya sani, ya fi mini.

Ki bar wa Mma littafin awonsa da katin inshorar lafiya na NHIS a jaka ɗaya da kayansa, lambarki da ta babansa a rubuce da manyan baƙaƙe a manne a bango, da kuɗin mota a gefe. Ki gaya mata in jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi shan nono, ko numfashinsa ya yi sauri, ta kama hanyar asibiti tukun, ta kira ki tana cikin mota.